Taimosin: Ɗan Aike Daga Barikin Dakarun Jiki

Rashin sani ya fi dare duhu. A kasuwa da tashar mota, har da cikin waya, kullum masu talla na kiranmu mu sayi maganin "ƙara garkuwar jiki". Kafin mutum ya kwance bakin aljihunsa, ya kamata ya san inda garkuwar nan take samun horo. Za mu ɗauki wani magani na gaskiya mai suna taimosin alfa 1 ya zama mana abin misali.

Barikin da ke cikin ƙirji

Ɗora hannunka a tsakiyar ƙirjinka. Bayan ƙashin nan da ka taɓa, a gaban zuciya, akwai wata 'yar tsoka mai ɓari biyu wadda likitoci ke kira taimus. Tana da girma a jikin yaro, amma daga balaga sai ta riƙa motsewa, kitse yana cin wurinta.

Aikinta irin na barikin horar da kurata ne. Wasu fararen ƙwayoyin jini kan fito daga ɓargo ba su san gida ba, ba su san dawa ba, sai su shiga taimus a koya musu. Wadda ta kasa ɗaukar darasi, da wadda ta nuna alamar za ta juyo ta sari jikin mai ita, duk nan ake gamawa da su. 'Yan kaɗan ne ke cin jarrabawa su fita aiki. Su ake kira ƙwayoyin T, harafin farko na sunan barikinsu.

Yadda aka gano shi

Da can likitoci sun zaci tsokar nan ba ta da wani aiki. A 1961, a Landan, Jacques Miller ya cire ta daga jikin ɓeraye sababbin haihuwa, sai ya ga sun tashi ba sa iya jure cuta. Daga nan masana biyu a Amurka, Allan Goldstein da Abraham White, suka shiga tace taimus ɗin maruƙa, kuma a 1966 suka raɗa wa abin da suka samu suna taimosin. A 1977 Goldstein da abokan aikinsa suka ware taimosin alfa 1 shi kaɗai. Ɗan gajeren zare ne na sinadarin gina jiki, mai ƙwaya 28 a jere kamar 'ya'yan carbi. Yau ba a yanka maraƙi dominsa, a masana'anta ake haɗa shi. Sunansa na magani taimalfasin, ana kuma sayar da shi da sunan Zadaxin.

Yadda yake aiki

Ku lura da kyau, shi wannan magani ba ya kashe ƙwayar cuta da kansa. Ɗan aike ne. Yakan tashi dakarun da suka yi sanyi, ya kuma taimaka wajen lafar da su idan faɗan ya wuce kima har yana ɓarna. Shi ya sa masana ke cewa daidaita garkuwa yake yi. Garkuwar da ta yi ƙarfi ba linzami ita ma cuta ce, gama jikin mai ita take ci.

Ƙasashe fiye da 30, ciki har da Sin da Italiya, sun yarda a yi amfani da shi. An fi saninsa wajen ciwon hanta nau'in B, inda ake yin allurar miligiram 1.6 ƙarƙashin fata, sau biyu a mako, har wata shida. Amma hukumar kula da magunguna ta Amurka, ƙasar da aka gano shi, ba ta ba da izinin sayar da shi ba. A 2025 kuma aka buga sakamakon wani babban gwaji a Sin, kan mutum fiye da 1,000 da cuta ta shiga jininsu, ba a ga ya rage mace-mace a fili ba. Wanda aka yi wa dashen ƙoda kuwa, ana ba shi maganin kwantar da garkuwa da gangan, to tayar da ita na iya sa jiki ya ƙi dashen.

Abin da ya shafe mu

Ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a Nijeriya da Nijar, kuma mutum kan yi shekaru da shi bai sani ba. Magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a gaba su ne tenofobir da entekabir, taimosin ba ya cikinsu. Saboda haka ga nasiha:

Je asibiti a auna jininka. A yi wa jariri allurar rigakafi cikin awa 24 da haihuwa, a kuma cika sauran. Kada a yi tarayya a aska ko reza, wajen aski ne, ko kaciya, ko yankan farce. Kada ka yarda a yi maka allurar da ba likita ne ya rubuta ba.

Taimosin alfa 1 ya shekara kusan hamsin a hannun masana, har yau suna awonsa, suna faɗin inda ya ci da inda ya gaza. To, in mai talla ya ce maka kwalbarsa ɗaya na warkar da komai, tambaye shi: wa ya gwada ta, a jikin mutum nawa? Matambayi ba ya ɓata.