Tausar Mai Tsohon Ciki da Sinadarin Naƙuda

Kwanakin baya wata uwa ta tsare ni a shago. 'Yarta da ke Ingila cikinta ya shiga wata tara, an ce mata ta je wurin masu ostiyofati su yi mata tausa, wai oksitosin ɗinta zai ƙaru naƙuda ta zo da wuri. Ta ce in bincika mata, ga abin da na samo.

Ostiyofati magani ne da hannu, ana tausa, ana miƙar da gaɓoɓi. Wani likita Ba'amurke, Andrew Taylor Still, ya fara shi a 1874. Ya ɗan yi kama da aikin maɗori, sai dai a Ingila doka ta hana mutum ɗaukar wannan suna sai ya yi karatun an yi masa rajista.

Oksitosin kuwa sinadari ne da ƙwaƙwalwa ke sakowa cikin jini. Shi ke sa mahaifa murɗawa lokacin naƙuda, shi ke matse ta bayan haihuwa har jini ya tsaya, shi ne kuma ke sauko da nono idan jariri ya kama. Ba ya zubowa a jere. Tsartuwa yake yi jifa-jifa, cikin 'yan mintoci ya ɓace daga jinin. Saboda haka ko an auna mace bayan tausa an ga ya ɗaga, hakan bai nuna haihuwa ta matso ba. Natsuwa dai tana taimaka masa, firgici kuma yana danne shi, abin da tsofaffin ungozomominmu suka daɗe da lura.

Gwaje-gwajen da aka yi a Amurka kan masu tsohon ciki sun fi duba ciwon baya, kuma can aka ga ɗan sauƙi. A ganina, wanda ya yi alkawarin tayar da naƙuda da tausa, kuɗinki yake so.

Abin da ya fi damuna yana nan zango. Tun 1953 aka iya haɗa wannan sinadari, shi ne allurar naƙuda. A asibiti, kafin haihuwa, ta ƙarin ruwa ake ba da shi kaɗan-kaɗan, ana sauraren bugun zuciyar jariri. Idan aka sayo shi a kemis aka tsira wa mace a ɗaki, mahaifa na iya fashewa, jariri na iya rasa iska. Ga shi kuma zafi yana kashe ƙarfinsa, firji yake so. Danna ciki da ƙarfi don a turo yaro shi ma haɗari ne.

Na ce wa uwar nan 'yarta ta fara tambayar ungozomar da ke yi mata awo. In ta amince, a yi tausar baya a hankali. In kuwa ta ga jini, ko faya ta fashe, ko motsin yaro ya ragu, asibiti za ta nufa nan take.