Zawo Ga Kwikwiyon Da Ake Horarwa

Mai horar da kwikwiyo yakan ba shi ɗan tukuici, madara ko guntun nama, duk lokacin da ya bi umarni. Sau da yawa tukuicin nan ne mafarin zawo. Bayan yaye, sinadarin laktes mai narkar da sukarin madara yakan ragu a hanjin kwikwiyo. Sukarin da bai narke ba sai ya jawo ruwa cikin hanji, ciki ya ɓaci. Kitse ma yakan yi masa nauyi.

Likitocin dabbobi sun ce kada tukuici ya wuce kashi 10 cikin 100 na abincin yini. Amma in zawo ya haɗu da jini da amai, a garzaya wurinsu, don cutar farbo takan kashe kwikwiyo cikin 'yan kwanaki.