Ina Ya Kamata Yaro Ya Zauna a Mota da Kan Babur?

 Darasinmu na bana a kan abin da ido ya saba da shi ne har ya daina ganin haɗarinsa: jariri a cinyar uwa a gaban mota, ko yara uku a kan kabu-kabu, ƙaramin a zaune bisa tanki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya na kashe mutane kusan miliyan 1.19 a kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Wato mu ke nan da yayyenmu.

Mu fara da lissafi. Mota mai gudun kilomita 50 a awa, gudun da ake yi a cikin gari, in ta daki bango ta tsaya cak, wanda ke cikinta bai tsaya ba. Jikinsa zai ci gaba da tafiya da wannan gudun har ya samu abin da zai tare shi. Bugun daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10, kamar daga saman bene mai hawa uku. Yaro mai kilo 10, a wannan ƙiftawar ido, yana fizgar hannu kamar kaya mai ɗaruruwan kilo. To wace uwa ce za ta iya riƙe shi? Ba rashin so ba ne, hannu ne ba shi da wannan ƙarfin. In kuma ita ma ba ta ɗaura bel ba, jikinta ne zai danne shi.

Sannan yaro ba babba ba ne da aka rage wa tsawo. Kan jariri ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon jikinsa, ga wuyan bai yi ƙwari ba. Shi ya sa ake girka kujerar jarirai tana kallon baya, don bayanta ya tallabe kai da wuya. Shi kuwa bel ɗin da muka sani, wanda Nils Bohlin na kamfanin Volvo ya fito da shi a 1959, an auna shi ne da jikin manya. A jikin ƙaramin yaro sai ya bi ta wuya da ciki maimakon kafaɗa da ƙugu, sai an ɗaga mazauninsa kafin ya zauna daidai.

Mun sani kujerar yara tana da tsada, motocin haya ma ba su da ita. Amma ai zaunar da yaro a baya ba ya cin ko dala, balle a motar da ke da jakar iska a gaba, wadda ke fitowa da ƙarfin da zai iya halaka ƙaramin yaro. Haka kulle ƙofa, da hana shi leƙo kai ta taga.

A Kanada akwai wani babur da ake tuƙawa a kan dusar ƙanƙara, gabansa silalo ne a madadin taya. Ƙungiyar likitocin yara ta ƙasar ta ba da shawarar kada wanda bai kai shekara 16 ba ya tuƙa shi, kada kuma a goya wanda bai kai 6 ba, don ba shi da ƙarfin riƙewa. Mu ba mu da ƙanƙara, amma hannun ɗan shekara huɗu ɗaya ne a Kanada da Maraɗi. Mu kuwa sai mu ɗora shi a tanki, barci na fizgarsa, inda zai fara cin karo kafin kowa. Wani ya ce ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Gaskiya ne, amma mai faɗar haka bai taɓa barin shagonsa a buɗe ya tafi barci ba.

Hular kwano, in ji hukumar lafiyar, tana rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa da har kashi 74 cikin ɗari, amma fa sai ta yi daidai da kai kuma an ɗaure igiyarta. Ta baba a kan ɗan shekara bakwai tana tashi tun kafin ya kai ƙasa.

Mu ƴan mata kuma, akwai namu na daban: dogon hijabi ko bakin zane da ke reto kusa da tayar baya. In sarƙa ko taya ta kama shi, a wuya yake shaƙewa, ya fizgo mutum ƙasa. Kafin babur ya tashi, a tattara hijabin gaba ɗaya a ɗora bisa cinya, a duba na ƙanwa ma, kuma a nisanta ƙafarta da salansa.