'Yar Ƙofa a Ƙirjin Yaro

Akwai yaran da ake haifa da wata 'yar ƙofa a fatar ƙirji wadda ba ta fi bakin allura ba, galibi a ƙasan wuya, daidai inda ƙashin da ya taso daga kafaɗa ya haɗu da ƙashin tsakiyar ƙirji, kuma ta fi fitowa ta hagu. Ƙofar bakin wata siririyar hanya ce da ta kwanta a ƙarƙashin fata tun yaro yana ciki, kuma da yake cikinta ma fata ce, takan tara maiƙo har ta riƙa fitar da wani farin abu mai kauri. Ba maruru ba ne, don haka ba a matsa ta.

Uwa ce kan fara ganinta wajen wanka, amma kafin ta tsane wa yaro jiki kaka ta riga ta yanke cewa ƙurji ne bai nuna ba, maƙwabciya ta shigo da tsinken tsintsiya tana cewa nata ɗan da haka ya warke, wata ta miƙo man shanu da toka, an kuma tura wani yaro ya kira wanzami ya zo ya yi sakiya. Duk cikinsu babu wadda za ta kwana da jaririn in zazzaɓi ya taso. Tsinke yana tura ƙwayoyin cuta cikin hanyar, wurin ya kumbura ya cika da mugunya, ya fashe ya rufe, bayan watanni ya sake dawowa, domin hanyar tana nan. Kada a matsa, kada a tsokana, kada a ƙona.

Likita yakan tambaya ko an haifi yaron da ƙofar, ya duba inda take, sannan ya yi amfani da na'urar da ake duba masu juna biyu da ita don ganin tsawon hanyar da inda ta tsaya, ya kuma bambanta ta da gyambon tarin tibi da kan ɓullo a wuya ko ƙirji. Wannan binciken ne matsi da sakiya suke ɓatawa, saboda tabo yana rufe ƙofar ya ɓoye hanyar. Idan wurin ya riga ya kumbura, sai an fara kwantar da kumburin da magani kafin a yi tiyata a cire hanyar gaba ɗaya, domin ko guntunta aka bari tana iya sake taruwa.