Baƙon da Ya Shigo Ba Sallama

A manyan ofisoshi akwai babbar kwamfuta da ake kira uwar garke. Ita ke ajiye bayanai, tana raba wa ƙanana. A watan Nuwamba 2024, waɗansu kamfanoni suka wayi gari tsarin da ke tafiyar da ita, wato Windows Server 2019 ko 2022, ya rikiɗe ya koma na 2025, ba wanda ya nema.

Me ya jawo haka? Manhajojin da aka wakilta su riƙa saka gyare-gyare da kansu ne suka ɗauki sabon tsarin tamkar ɗan facin tsaro, suka shigar. Kamfanin Microsoft ya ce ai na ganin dama ne. To, amma sabon yana bukatar lasisi na kuɗi, komawa tsohon kuwa sai wanda ya ajiye kwafi.