Ku tafi da yara wurin sassabe

Jama'ar Cadawa da kewaye, lokacin gyaran gona ya matso. Bana idan za ka fita sassabe, kada ka bar yaro gida. Ranar da babu lakwal ka ɗauke shi, mace ko namiji.

Ga dalili. A shekarar 1983 wani malamin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, da ke aiki a Maraɗi, ya lura cewa ƙananan tsiron da muke sarewa kowace shekara ba ciyawa ba ne. Kututturan itace ne masu saiwa da rai cikin ƙasa. Daga nan sassaben zamani ya bazu, bayan yunwar 1984, har garuruwa irin Ɗan Saga cikin gundumar Agiye suka yi suna da shi. To amma wanda bai san tsiron ba, sare shi zai yi. Yaro kuwa shi ke kiwon awaki, shi ake aike neman itacen wuta.

Ka tsaya da shi bakin kututture. Kada ka yi saurin faɗin suna, bari ya taɓa ganye ya gwada. Ganyen kalgo rabe yake biyu kamar kofaton raƙumi. Na sabara ƙanana ne, masu launin toka. Aduwa da magarya, ƙaya za ta gaya masa. Sannan ka sa shi ya zaɓi reshe biyu ko uku mafi ƙarfi, kai ka datse sauran da gatari mai kaifi, sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage. Ka ɗaura tsumma, ka ce wannan nasa ne.

Gawo ya fi son dogon zama. Ka kai shi gindinsa yanzu da rani, ya ga ganye shar, awaki suna tsintar ɗiyan. Ku koma tsakar damina: babu ganye ko ɗaya, hatsin da ke ƙarƙashi kuma ya fi na nesa tsawo. Ka tambaye shi me ya sa. Ganyen da ya zuba da kashin bisashen da suka sha inuwa, su ne takin. Ni kaina a wurin kakana na fara ganin haka, tun ban gamu da shi cikin littafi ba.

A kula: ruwan tumfafiya yana ɓata ido, ɗanyar anza kuma ba a ci sai an jiƙa ta kwanaki ana sake ruwa. Kafin yaro ya sa hannu cikin kututture, a bugi wurin da sanda saboda maciji.