Darasin Juma'a: Da Aka Ce Maka "Afuno"

'Yan'uwa, darasinmu na wannan mako a kan kalma ɗaya ne, wadda duk Bahaushen da ya kwana biyu a Maiduguri ya ji ta: Afuno.

Abin da ya jawo maganar shi ne, a makon jiya wani yaron shago ya cakumi wuyan maƙwabcinsa a Kasuwar Litinin, wai don ya ce masa "kai Afuno". Sai da manya suka raba, har zancen ya zo gaban liman. Yaron bai fi wata uku da zuwa daga gida ba, shi a zatonsa ashar aka ɗura masa.

To ba ashar ba ce. Afuno a bakin Kanuri Bahaushe ke nan, kamar yadda suke ce wa Bafulatani Fulata. Kuma tsohuwar kalma ce. Baturen nan Heinrich Barth da ya sauka Kukawa a 1851 ya tarar ana kiran Hausawa da ita, wato tun kafin Shehu ya dawo Yerwa da zama a 1907.

Kafin mu yi fushi mu tuna mu ma muna da tamu. Mukan ce Babarbare, Babarbariya, Barebari, alhali su Kanuri suke kiran kansu. Sunan ya zauna daram a bakinmu har ya bi wurare: ga Zangon Barebari a cikin birnin Kano, ga Lafiyan Barebari a Jihar Nasarawa. Da yawa daga cikin masu sallah a sahun nan, in aka tona, kakarsu Babarbariya ce. 'Ya'yanmu da aka haifa a Hausari ko Gwange kuwa su ne abin tausayi: a nan Afuno ne, in an kai su Kano ko Katsina hutun sallah dangi su ce ga Barebari sun iso. Suna dariya, amma wasunsu abin na cin su a rai, mun ji daga bakin iyayensu mata.

Inda kalmar ke ɓaci shi ne abin da aka rataya mata. Wanda ya ce "je wurin Afunon can, shi ke da atamfa mai kyau" kwatance ya yi, ciniki ma ya turo maka. Wanda ya ce "halin Afuno ke nan" ya ɗauki laifin mutum ɗaya ya shafa wa al'umma. Mu faɗi gaskiya, mu ma muna yi. Mutum ɗaya ya riƙe mana bashi, sai ka ji "ai Babarbare ne", a gaban yara, a gaban masu ɗako. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana jifan juna da laƙabin da mai shi ke ƙi, aya ta 13 kuma ta nuna an yi mu ƙabila-ƙabila ne don mu san juna. Malamai sun halatta laƙabi in don a gane mutum ne, ban da wulaƙanci. Daren da gobara ta cinye kasuwar nan a Fabrairun 2023, wa ya tsaya tambayar ƙabilar wanda ya kama masa kaya?

Saboda haka kwamitin masallaci na roƙon iyayen gida, duk wanda ya ɗauko sabon yaro daga gida ya zaunar da shi ya fahimtar da shi wannan tun ranar farko. In an kira shi Afuno ya amsa, in ya ji da raini a ciki ya kawo ƙara wurin maigidansa, kada ya ɗaga hannu. A gaban mutanen gari a ce Kanuri ya fi. A koya masa sa "Ba" a gaban sunan dattijo, "Ya" a gaban sunan dattijuwa, da gaisuwar "wushe" in mai saye ya tsaya bakin shago.